Yadda ake gano matsalar wuta a makunnan wuyan sitiyari

Idan sigina ta ƙi yi, ko waifa ta ƙame a tsakiyar gilashi, ko fitilar gaba ta ɗauke ana cikin tafiyar dare, hukuncin da aka fi saurin yankewa a gareji shi ne suwic ɗin sitiyari ya mutu, a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a samo Beljiyam. A sayo, a ɗaura, matsala tana nan daram, mai kaya kuma ya ce shi ba ya karɓar kayan wuta da aka riga aka jona. Hannuwan nan biyu da ke wuyan sitiyari suna lalacewa, babu musu. Amma a kewayensu akwai fiyus, da rile (ƙaramin makunnin da 'yar wuta ke kunnawa don ya wuce da wuta mai nauyi), da ƙwan fitila, da soket, da at (haɗin waya da ƙarfen jikin mota, wato negetif), kuma kowannensu ya fi suwic arha, ya fi shi sauƙin dubawa. Ba a cewa suwic ya mutu sai an tabbatar abin da ya kamata ya shige shi yana shiga, abin da ya kamata ya fita kuma ba ya fita.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: mita mai auna volt da ohm, fitilar gwaji, sukurudireba, sifana lamba 10 don kan batir, Torx T30 idan Toyota ce, guntuwar waya mai fiyus a tsakiyarta, feshin wanke soket, da maka ta yin alama. Idan ka samu taswirar wayarin ɗin motar a wayarka, rabin wahala ta ragu.

Fara daga kujerar direba

Kafin ka ɗauki sukurudireba, zauna ka buɗe ki, ka gwada komai ɗaya bayan ɗaya, har da abin da mai mota bai yi kuka da shi ba: ƙananan fitilu, dim, ful, filashin da ake yi wa mai tahowa, sigina dama da hagu, dabul sigina, waifa a kowane mataki, ruwan wanke gilashi, hon, maɓallan fuskar sitiyari, da fankar cikin mota. Sa yaro ya tsaya gaba, sannan baya, yana faɗa maka abin da ya kama.

Daga nan ake rage waɗanda ake zargi. Dabul sigina na yi, duk kusurwa huɗu na kamawa, amma sigina ita kaɗai ba ta yi? To ƙwayaye da wayoyinsu da at ɗinsu sun fita daga lissafi. Saura fiyus ɗin sigina, wanda ke samun wuta sai an buɗe ki, da makunnin dabul siginar kansa, domin a tsofaffin motoci ta cikinsa wutar sigina ke ratsawa kafin ta isa filasha, wato na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, sai kuma hannun sigina. Hon ya mutu, fitilar eyabag ta kama a dashbod, maɓallan rediyo na sitiyari sun daina aiki, duk a lokaci guda? Wannan ba aikin hannuwan ba ne, kulok sifirin ne, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari mai haɗa abubuwan da ke fuskarsa da sauran wayarin. Golf ce, waifa da fanka da fitilar gaba suka ɗauke tare alhali inji na aiki? Nufi suwic ɗin ki.

Sannan ka riƙe abin da ke ba da matsala a kunne, ka juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ka saki abin ɗaga shi ka yi sama da ƙasa da shi, ka ɗan girgiza hannun suwic ɗin. Idan wuta na zuwa tana ɗaukewa da motsi, ka lura da wane motsi ne. Juya sitiyari yana nuna kulok sifirin, ɗagawa da saukewa yana nuna waya ta goge ko soket ya yi sako-sako, girgiza hannu kuwa yana nuna cikin suwic.

Ka kuma tambayi mai mota wane aiki aka yi mata na ƙarshe. An canja rak ɗin sitiyari? An sa tiraka, ko alam, ko sabon rediyo? Masu saka waɗannan a ƙarƙashin sitiyari suke neman wuta, kuma wasu sai su fere waya, su murɗa tasu a kai, su naɗe da salatif. Zafin Afrilu ya narkar da gam ɗin salatif, waya ta fito tsirara ta kwanta a jikin ƙarfe.

Batir da fiyus

Auna batir inji a kashe. Cikakke yana nuna kusan volt 12.6. Idan ya sauka zuwa 12 ko ƙasa, a yi masa caji tukuna, domin motocin zamani kan yi ta shirme iri-iri idan wuta ta yi ƙasa. Inji na aiki kuwa ka ga tsakanin 13.5 da 14.7.

Kada ka duba fiyus da ido kawai. Buɗe ki, ka taɓa fitilar gwaji a 'yan ƙarafa biyun da ke bayansa. Wuta a duka biyu, lafiya yake. A ɗaya kawai, ya ƙone. Babu a ko ɗaya, to wuta ba ta iso akwatin ba, matsalar tana can baya, tsakanin batir da shi. Akwatin fiyus yawanci biyu ne, ɗaya a wajen inji, ɗaya a ƙarƙashin dashbod, kuma mutane kan manta da na biyun. Launi na faɗin ƙarfinsa: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya cire ja ya sa kore, ko ya naɗa silin waya a gurbin, bai gyara komai ba, ya dai mayar da suwic ɗin da wayarin su zama abin da zai ƙone a madadin fiyus.

Idan sabon fiyus na ƙonewa da zarar ka kai hannun wani mataki, shot ne a hanyar wannan matakin, wato waya mai wuta tana taɓa jikin mota. Kar ka yi ta asarar fiyus. Jona ƙwan sigina mai wat 21 a gurbin fiyus ɗin. Muddin shot ɗin na nan ƙwan zai haska sosai. Sai ka bi kana zare soket ɗaya-ɗaya, na fitilar baya, na gaba, na madubi, har ka zare wanda hasken zai dushe ko ya mutu. A wannan reshen shot ɗin yake.

San irin motar da ke gabanka

Nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, domin suwic iri uku ne kuma gwajinsu ya bambanta.

Akwai wanda wuta mai nauyi ke ratsa cikinsa kai tsaye ta tafi ga fitila ko moto. Golf 2 da Golf 3 haka suke: wutar fitilar gaba na bi ta cikin makunnai ba tare da rile ba. Motocin Jamus suna da wani sauƙi, lambobin da ke jikin soket ma'anarsu ɗaya ce ko'ina: 30 wutar batir ta dindindin, 15 wutar da ke zuwa in an buɗe ki, 31 at, 49 da 49a shiga da fitar filasha, 56a ful, 56b dim, 58 ƙananan fitilu, 53 waifa.

Akwai wanda ba wuta yake bayarwa ba, at yake bayarwa. Toyota da yawa haka suke a hon da fitilar gaba: rile yana da wutarsa a shirye, suwic kawai yana haɗa ɗaya ƙafar da jikin mota. Wanda bai san haka ba zai maƙala fitilar gwaji a jikin mota, ya kunna suwic, ya ga babu haske a wayar fita, ya ce ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. A irin wannan, a fozitif ɗin batir ake maƙala fitilar gwaji, in an kunna suwic ta haska.

Na uku shi ne wanda saƙo kawai yake aika wa kwamfutar jikin mota, ita ce ke kunna fitila da waifa. Peugeot 307, da 206 da 406 na daga baya, suna da suwic mai suna COM2000 a wuyan sitiyari, mai magana da akwatin BSI, wato kwamfutar jikin motar, kuma mafi yawan motocin da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan a kan wannan tsari suke. Alamarsa ita ce ayyuka da yawa amma wayoyin sirara ne, kuma 'yan kaɗan. Irin wannan ba a soka masa fitilar gwaji mai ƙwai, ba a kuma yi masa jamfa, wato tsallake shi da waya, don a ga abin da zai faru. Kwamfuta ake sa wa motar, a buɗe shafin da ke nuna halin makunnai kai tsaye, a motsa hannu a ga ko rubutun ya sauya. Ya sauya amma fitila ba ta kama ba, suwic ya yi aikinsa, a nemi matsala daga kwamfutar zuwa waje. Bai sauya ba, a duba wuta da at ɗin soket ɗinsa da mita kafin a yanke masa hukunci. 'Yar ƙaramar na'urar nan mai arha da ake haɗawa da waya yawanci inji kawai take karantawa, ba za ta nuna maka wannan ba.

Kafin a buɗe murfi

Murfin robar da ke wuyan sitiyari sukurori biyu ko uku ne ke riƙe da shi, wasu a ƙasa, wasu a ɓoye bayan sitiyari sai ka juya shi za su bayyana. Buɗe shi kawai ba ya buƙatar cire sitiyari, kuma a Corolla da Camry da Accord da yawa ana zare hannun sigina ko na waifa ta gefe ba tare da an taɓa sitiyarin ba.

Abin da ba a wasa da shi shi ne duk soket da waya mai launin rawaya. Na eyabag ne. Idan aikin zai kai ka kusa da su, daidaita tayoyi su kalli gaba, kashe ki, cire kan negetif na batir, ka jira. Toyota na cewa aƙalla sakan 90, Honda minti 3. Jira fiye da haka bai rage ka da komai ba, domin kwamfutar eyabag tana riƙe ragowar wuta bayan an cire batir. Kada ka taɓa sa mita a kan ohm ka auna eyabag ɗin kansa, mita na tura 'yar wuta in tana awo. In ka cire shi, ajiye shi fuskar da ke da tambarin mota tana kallon sama, nesa da inda ake walda.

Gwajin suwic ɗin kansa

Fara da ido da hanci. Zare soket ka duba: robar ta narke ko ta yi baƙi a kusa da wata ƙafa? Akwai koren tsatsa? Wata ƙafa ta koma ciki? Soket da ya narke, ko ka sa sabon suwic zai sake cinye shi, dole a gyara bakin wayar ma.

Mayar da soket, mayar da batir, ka yi awo ta bayan soket ɗin yana a jone. Mataki na farko, tabbatar da abin da ke shiga: wuta a wayar shiga, ko at mai kyau in irin na Toyota ne. Babu shi, ka bar suwic ka koma baya. Mataki na biyu, kai hannun kowane matsayi ka ga ko wayar fita ta amsa. Na uku, ɗauki wayarka mai fiyus ka tsallake suwic ɗin, ka haɗa shiga da fita. Fitila ta kama da jamfa amma ba ta kama da suwic ba, yanzu kam ka kama ɓarawo. Wannan jamfar a iri biyun farko kawai ake yinta, kuma sai ka tabbatar da wayoyin da kake haɗawa.

Akwai kuma suwic da bai mutu ba amma ya gaji, kuma awon ohm ba ya tona shi. In ka cire shi ka auna, mita za ta yi ƙara, ta nuna ƙasa da ohm 1, domin wutar da take turawa ba ta taka kara ta karya ba. Amma fitilun gaba biyu masu wat 55 suna jan kusan amp 9, kuma ƙonannen baki ba zai iya wuce da wannan ba. Maganinsa shi ne awo a ƙarƙashin nauyi: mita a kan volt, baki ɗaya a wayar shiga, ɗaya a wayar fita, fitila a kunne. Abin da ka gani shi ne wutar da ke salwanta a cikin suwic. Lafiyayye ba ya cin fiye da kamar 0.3. Ka ga volt 1 ko 2, shi ne dalilin da fitila ta yi ja, shi ne kuma dalilin da wuyan sitiyari ke ɗumi. Haka ake auna at: baki ɗaya a negetif ɗin batir, ɗaya a wayar at, nauyi a kunne, kada ya wuce 0.2.

A ganina babu abin da ke kashe hannun fitila a motocin haya kamar ƙwai mai wat 100 da ake sawa a gurbin H4 mai 60/55. Direban dare yana son haske, ba laifi, amma a sa masa rile biyu da fiyus daga batir, suwic ya zama rile kawai yake kunnawa.

Sigina da waifa

Sigina lafiyayya tana ƙiftawa sau 60 zuwa 120 a minti. In gefe ɗaya ya kama sauri, ƙwai ne ya mutu a wannan gefen, ko an sa LED wanda ba ya jan wutar da filasha ke tsammani. In ka sa sigina fitilar birki ko ƙaramar fitila ta riƙa ƙiftawa tare da ita a dushe, at ɗin fitilar baya ne ya yi tsatsa. Hannu ba ya komawa da kansa bayan kwana? Ba wuta ba ce, ɗan haƙorin roba ne ya karye. A Golf 4 filasha a cikin maɓallin dabul sigina take, kuma in ka ji tana ƙas-ƙas ita kaɗai ba tare da fitila ta kama ba, sau da yawa tsohon giris ne da garin jan ƙarfe suka haɗa hanya a cikin hannun sigina. Wasu motocin ƙirar Amurka kuma ƙwai ɗaya ne ke yin birki da sigina a baya, don haka wutar birki ta cikin hannun sigina take bi. Fitilun birki biyu sun mutu, ta ukun da ke sama tana yi, ƙwayaye lafiya: duba suwic.

Waifa a ƙasarmu takan kwana wata shida ko bakwai ba a taɓa ta ba, ƙurar hunturu ta cika gaɓoɓinta, sai ruwan farko ya sauko a tuna da ita. Saboda haka in tana jan jiki ko tana ƙona fiyus, fara da ƙarafunan da ke juya ta da moton, ka ɗaga hannuwanta daga gilashi ka gwada. Gudu ɗaya ya mutu ɗaya na yi, auna a soket ɗin moto: wuta ta iso, burushin moto ne, ba ta iso ba, suwic ne ko waya. Mai tsayawa-tsayawa kaɗai ya mutu, rile ne, ko a Toyota ɗan allon da ke cikin hannun waifar. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce mai tsayawa duk inda aka kashe ta. Kashe waifa ba yanke wuta ba ne gaba ɗaya. A matsayin kashewa, suwic yana haɗa wayar da ke fitowa daga faifan cikin moto da wayar ƙaramin gudu, don moto ya ƙarasa zagayensa ya kwanta. A Toyota waɗannan su ne +S da +1. Auna tsakaninsu suwic a kashe. Akwai haɗi, to faifan cikin moto ne ko wutarsa. Babu, suwic ne.

Hon da kulok sifirin

Danna hon ka saurari rile. Ya yi ƙas, to daga sitiyari zuwa rile lafiya, ka tafi gaban mota ka duba hon ɗin da soket ɗinsa, wanda ruwan wankin mota ke yawan ci. Bai yi ba, in motar irin mai bayar da at ce, nemo wayar hon a ƙasan wuyan sitiyari ka taɓa ta a jikin mota. Hon ya yi kuka, matsalar tana sama da nan.

Kulok sifirin faffaɗar waya ce siririya a naɗe cikin gwangwanin roba, kamar tef ɗin awo na tela, tana warwarewa tana naɗewa in ana juya sitiyari. Zagayenta duka bai wuce kamar biyar ba. Tsufa na karya ta, amma abin da ya fi tsinka ta shi ne a kwance rak ko jointin ƙasa, a bar sitiyari sake, wani ya zo ya wulwula shi, a ɗaura a haka. Kwanar farko mai tsanani sai ta tsinke. Duk mai kwance rak ya ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera. In an sa kwamfuta a Toyota, lambar B0101 ko B1801 tana nufin hanyar eyabag ɗin direba ta yanke, kuma galibi a nan ne. Masu cire ƙwan gargaɗi ko cusa resista don fitilar ta mutu suna sayar wa mutum motar da eyabag ɗinta ba zai buɗe ba ranar da ake buƙatarsa.

Wajen cire sitiyari, yi alama da maka a kan sandar da sitiyarin don ya koma inda yake. Sassauta noti amma ka bar shi a kan zare biyu ko uku kafin ka jijjiga, in ba haka ba sitiyarin zai fizgo ya same ka a baki. Sabon kulok sifirin yana zuwa da ɗan makullin roba da ke riƙe shi a tsakiya, kada ka cire sai ya zauna. Na Beljiyam kuwa sai ka saita da kanka: a Toyota juya shi hagu a hankali har ya yi tauri, ka dawo dama zagaye biyu da rabi, alamomin su haɗu, tayoyi na kallon gaba.

Suwic ɗin ki

Bayan inda ki ke shiga akwai ɓangaren wuta, kuma ana canja shi shi kaɗai. A Golf, 30 na da wuta kullum, 15 a buɗe da lokacin tayarwa, 50 lokacin tayarwa kawai, X kuma a buɗe kawai, tana ɗaukewa in ana tayarwa don a bar wa kik wuta. X ɗin nan ce ke ciyar da fitilar gaba, da rilen da ke ba waifa da fanka. Auna ta kana ɗan motsa ki. In wuta na rawa, ka samu. Tarin makullan gida da na shago da ake rataya wa ki suna ƙara cinye wannan wuri, a raba su.

Wanke ko canji

Tsohon suwic da ake iya buɗewa, in datti ne kawai, a buɗe shi a kan farin ƙyalle saboda ƙananan sifirin da 'yan ƙwallaye masu tsalle. A wanke tsohon giris, a goge bakin jan ƙarfen da samfefa mafi laushi, a shafa giris ɗin kayan wuta kaɗan. In ƙarfen ya rarake ko robar da ke riƙe da shi ta narke, wanki ba zai kai ko'ina ba. Wajen saye tafi da tsohon a hannu, ka gwada lambar jikinsa da yawan ƙafafun soket, domin mota iri ɗaya shekara ɗaya tana iya bambanta: wata da fitilar hazo, wata da waifar baya, ta Amurka daban da ta Turai.

Jona sabon ka gwada kowane matsayi tun murfi na buɗe. In ka cire eyabag, mayar da komai batir a cire, sannan ka jona batir, ka buɗe ki daga gefe ba kana zaune gaban sitiyari ba. Fitilar eyabag ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu. Juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kana danna hon, ka tabbatar sigina na komawa da kanta ta kowane gefe. Motar da ke da VSC ko ESP kuwa, wato na'urar hana mota zamewa, akwai sensar kusurwar sitiyari a wurin, kuma in fitilarta ta kama bayan aikin, sai an daidaita ta da kwamfuta, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi a miƙe.